Darasin da Ba a Shirya Ba, Alhakin Wa?

Malaman fiƙihu sun sanya koyarwar da ake biya a babin ijara, watau mutum ya ɗauki aiki sananne a kan lada sananne. Malikiyya sun halatta karɓar lada ko a kan koyar da Alƙur'ani ma, balle lissafi da labarin ƙasa. Sai dai lada yana halatta ne da cikar aiki. To, malamin da ya shiga aji bai shirya kome ba, ya cika allo da rubutun da ya ɗebo daga wani tsohon littafi, ya ce yara su kwafa, shi kuwa ya koma gindin darbejiya har aka kaɗa ƙararrawa, shin ya cika aikin da zai karɓi albashi a kansa?

Amsar da aka saba ji ita ce babu kayan aiki. Akwai gaskiya a cikin wannan uzuri, kuma za a zo kanta. Amma a fara duba abin da ake nufi da kayan aiki tukuna. Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zana wa sahabbai siffa mai kusurwa huɗu, ya ja layi ta tsakiyarta har ya fita waje, ya nuna musu yadda ajali ya kewaye ɗan Adam alhali burinsa ya zarce. Zane ne kawai, amma ga shi har yau ana fahimtar darasin. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta da maɗaba'a, sai ta tsara darussa cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, jajoji suka hardace suka kai wa matan ƙauye. Makarantar allo kuwa da katako da gawayi da ƙaro ta yi ƙarnuka tana fid da mahaddata.

A ɗauki lissafi. Yara da yawa suna gama firamare ba su gane kashi ba, alhali kuwa rabon gado kansa a kan kashi shida ya tsaya: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Alhawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ya ba da babban sashe na littafin ga wasiyya da gado. Malami ya aiki yara su tsinto tsakuwa 24, ya ce ga dukiyar mutumin da ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya. Sumunin mata tsakuwa 3, sudusin uwa 4, saura 17 na 'ya'ya. Yaron da ya raba wannan da hannunsa ba zai sake tambayar dalilin da ya sa aka zaɓi 24 ba, don ya ga ita ce lamba mafi ƙanƙanta da 8 da 6 duka suke rabawa. Sanda guda kuma da aka kafa a filin makaranta, ana auna inuwarta kowace sa'a, ta isa koyar da zawali da juyawar duniya a rana ɗaya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar ko kwabo. Abin da suke bukata shi ne malami ya zauna da dare ya yi tunani, abin da malaman zaure suke kira muɗala'a. Malaman Larabci ma, a faɗi gaskiya, ba su kuɓuta ba: yaro ya hardace alamomin li'irabi tsaf, amma ya kasa roƙon ruwan sha da Larabci.

Sa'an nan a koma ga uzurin. Ijara mutum biyu ne suke ƙulla ta. Ba a ƙera madubin duba ƙwayoyin cuta da karan dawa, kuma ɗalibin da za a jarraba a kan haɗa sinadarai bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba an zalunce shi, ba kuwa malaminsa ne azzalumin ba. Lokacin da aka ƙaddamar da ilmin firamare kyauta a 1976, yara sun zo fiye da yadda aka yi tsammani, aka horar da malamai cikin gaggawa, aka cika azuzuwa. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, da sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa, kuma an sha ganin kuɗin suna kwance don wasu jihohi sun ƙi kawowa. Jami'in da ya bar kuɗin alli da littattafai suna kwance, ko ya riƙe albashi wata da watanni, shi ya fara warware alkawari, alhakinsa kuma ya fi girma domin dubban yara ya shafa. Amma laifinsa ba ya wanke na malami. Yaron da ke zaune a ƙasa yana jiran darasi ba shi ya riƙe albashin ba.

Yanzu kuma intanet ta cika da shiryayyun darussa na kowane fanni, wasu suna ganin wahala ta ƙare. Aro halal ne, kuma alheri ne babba ga malamin ƙauye da ba shi da ɗakin karatu. Sai dai darasin da aka shirya wa yaran Ingila, da misalan tuffa da dusar ƙanƙara, ba zai shiga kan yaron Gumel haka kawai ba. Malamin da ya buɗe waya a bakin ƙofar aji ya fara karanta abin da bai taɓa gani ba bai bambanta da mai tsohon littafin nan ba. Sai ya karanta shi tun da dare, ya gwada lissafin da kansa ko akwai kuskure, ya mai da tuffa ta zama goruba, sa'an nan darasin ya zama nasa.