Matambayi Ba Ya Ɓata, To Wa Za A Tambaya?

Yau mu ɗan ajiye zancen kishiya da na lefe, mu duba wata 'yar na'ura mai girman tafin hannu wadda ake mannawa a gilashin gaban mota, tana nuna hanya tana kuma magana. Direbobi na kiranta GPS. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne: idan mutum ya sami abin da zai gaya masa hanya ba sai ya buɗe baki ba, shin hutawa ya yi, ko kuwa wani abu ya suɓuce masa bai sani ba?

Da farko dai ba tsafi ba ne, kada a ruɗe ki. Sojojin Amurka ne suka harba taurarin ɗan'adam, aƙalla 24, suna kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,000. Idan na'urar ta ji saƙon huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda take. Da can da gangan ake gurɓata wa farar hula lissafin, sai a shekarar 2000 aka daina. Ita na'urar saurare kawai take yi, ba ta buƙatar kati ko sabis, taswira kuwa a cikinta take. Nan ne ma ake cutar masu saye. Yawancin 'yan gwanjon da ake kawowa, irin su Garmin da TomTom, taswirar Turai ce a cikinsu. Sai ki biya kuɗinki ki kunna a Illela, ki ga ɗigo ɗaya tsakiyar fili fetal kamar kina cikin teku. Don haka idan maigida zai saya, ya sa a kunna a gabansa ya ga Sakkwato da Ƙonni da idonsa. Kuma kada a bar ta manne cikin rana, zafin garin nan namu yana kashe batir, ɓarawo ma ta gilashi yake leƙe.

Ni dai ba zan ƙi faɗar alherinta ba, musamman a gare mu mata. Wadda ta taɓa shiga Sakkwato neman gidan biki ko wani asibiti ta san abin da nake nufi. Ki tsaya gaban majalisar maza, ki yi sallama, ido goma ya yo kanki, wani ya ce dama, wani ya ce hagu, wani kuma ya ce "Hajiya ba ni lambarki in raka ki." Wallahi wani lokaci gara ki yi ta zagaye. Na'ura kuwa ba ta kallon mayafinki, ba ta tambayar ko da aure. Wannan sutura ce, kuma ba ƙarama ba.

Wani abin dariya ma, muryar mace ce ke fita daga yawancinsu. Namijin da matarsa za ta ce masa "Alhaji ina jin mun wuce kwanar" ya harare ta, shi ne baturiyar cikin akwati za ta ce ya juya, ya juya sumul ba musu. Allah Ya kyauta.

Amma fa mu 'yan bakin iyaka mun san abin da taswira ba ta sani ba. A fuskar na'ura, hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi Kware da Gwadabawa ta iso Illela ta zarce Ƙonni, zare ɗaya ce miƙaƙƙiya. Haka take a watan Agusta na 2019 lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta, har zuwa Disamba 2020 da aka buɗe. Haka take bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, da aka sake garƙamewa sai Maris 2024. Duk tsawon wannan lokaci na'urar cewa take "miƙe", alhali uwa na Illela 'ya na aure a Ƙonni, zuwa suna ma ya zama aiki. Ba ta san ran Lahadi kasuwa ke ci ba, shanu da raƙuma da manyan motoci sun cushe gari. Ba ta san inda ruwan daren jiya ya cinye hanya ba. Uwa uba, ba ta san inda 'yan bindiga suka kwana ba. Ita gajeriyar hanya take nema, mu kuwa a shekarun nan mun ga yadda gajeriyar hanya ke zama ta lahira. Wa zai manta da matafiyan da aka ƙone cikin mota a yankin Sabon Birni a Disamba 2021?

Ko a ƙasashen da suka ƙera ta ma ta sha kai mutane ta baro. A 2013 wata dattijuwa a Beljiyam ta fita ɗauko baƙuwa a tashar jirgin ƙasa, ta yi ta bin muryar na'ura har ta tsinci kanta a Zagreb, sama da kilomita 1,000 daga gida. Idonta biyu, tana ganin allunan hanya sun sauya harshe, amma ta riga ta miƙa wa akwati hankalinta.

To sai wata ta ce, ai shi ke nan, a koma tambayar mutane kamar yadda iyaye suka yi. Ina ma abin ya tsaya nan! Karin maganar nan ta matambayi an yi ta ne a zamanin da wanda ka tarar a gindin bishiya zai ba ka ruwa kafin ya nuna maka hanya. Yau kuwa kowa ya ji labarin masu kai wa ɓarayin daji rahoto. Ki tsaya a ƙauyen da ba ki san kowa ba ki ce ga inda za ki, kin dai faɗa wa baƙo motarku, da yawanku, da lokacin da za ku wuce. A irin wannan wuri, shirun na'ura ya fi miki aminci.

Kin ga ashe maganar ta koma kan wa za a tambaya. Labarin hanya na gaskiya yana bakin mutanen da suka san fuskarki: direban tasha da ya saba ɗaukar mahaifiyarki, mai shayin bakin kasuwa, ƙanwar kakarki da ke aure a Gada. Su ne za su ce "yau kam ku dakata sai rana ta ɗaga", ko "kada ku bi ta can, ku zagaya." Irin wannan magana ba a sayar da ita, kuma ba a faɗa wa wanda sai ranar buƙata yake sallama. Shekaru ake yi ana tara ta da gaisuwa, da zuwa ta'aziyya, da ɗan goron da aka miƙa ba don komai ba.

Nan ne tsorona yake game da na'urar nan. Ba ta hana kowa gaisuwa, amma tana cire dalilin tsayawa. Da, dole maigida ya rage gudu a tasha ya sauke gilashi ya ce "ina labarin hanya?", a amsa masa, a tambayi iyali. Yanzu gilashi a rufe, sanyi na kaɗawa, baturiya na magana, an wuce fuu. Yara kuma na kujerar baya suna kallo. Ɗiyar maƙwabciyata, 'yar shekara 9, ta iya kwaikwayon muryar na'urar tsaf har da lanƙwasa harshe, amma da aka aike ta gidan gwaggonta a bayan kasuwa, sai da aka haɗa ta da yaro.