Waƙa Mai Duhu: A Gefen Wa Take Tsaye?

Ran 18 ga Nuwamba 1978, mutane fiye da 900 suka mutu a Jonestown, cikin dajin ƙasar Guyana a Kudancin Amurka, kusan 300 daga cikinsu yara ne. Shugabansu Jim Jones, wanda ya fara da wa'azi a jihar Indiyana, shi ne ya umarta a sha guba. A 1984 wasu mawaƙan Amurka masu suna Manowar suka fitar da waƙa a kan wannan al'amari, suka sa kalmomin a bakin mabiyan da suka mutu, har suna yi wa Jones godiya.

Uban da ya jiyo wannan godiya daga ɗakin ɗansa zai iya ɗauka cewa ana yabon mugu ne. Amma duk wanda ya san gatse ya san akwai yabon da ya fi zagi ciwo. Godiyar gawa ga wanda ya kashe ta ƙara ce. Ambaton jini kaɗai bai isa a hukunta waƙa ba, gama Zabura ta 106 ma waƙa ce, ta kuwa faɗi yadda Isra'ilawa suka miƙa 'ya'yansu hadaya ga gumakan Kan'ana. Abin da ya kamata a bincika shi ne inda waƙar take tsaye: tare da yaron da aka yanka, ko tare da mai riƙe da wuƙa? Mai Zabura dai tuba yake yi a madadin jama'arsa.

Wani lokaci ma duhun yana cikin kunnen mai ji ne. Waƙar Beatles ta 1968, "Helter Skelter", ta ɗauko sunanta daga wani abin sulu na wasan yara a Ingila. Charles Manson ya koya wa mabiyansa cewa annabci ce na yaƙin farare da baƙaƙe, kuma a Agusta 1969 suka kashe mutum bakwai cikin dare biyu a Los Anjeles. Haka shugabannin ƙungiyoyin ɓata suke yi da Littafi Mai Tsarki kansa, ba kuwa mai ɗora wa Littafin laifi.

Duk da haka, ba kowane mawaƙi ne zai fake da cewa labari kawai yake bayarwa ba. A 1992 aka ƙona tsohuwar majami'ar katako ta Fantoft a ƙasar Norwe, sai mawaƙi Varg Vikernes ya sa hoton kufanta a bangon faifansa. A 1994 kotu ta ɗaure shi shekara 21 saboda kisan kai da ƙona wasu majami'u.