Zato da Yaƙini a Hannun Mai Gyaran Mota

Daga cikin mas'alolin da malaman fiƙihu suka daɗe suna warwarewa a babin ijara, akwai wadda ba ta tsufa, ita ce ta mai sana'a wanda aka danƙa wa dukiya domin ya gyara, ya taɓa ta, ya karɓi lada, alhali shi kansa bai tabbatar da inda ɓarnar take ba. A da ana yin wannan magana a kan maƙeri da majemi da maɗinki. A yau kuwa ban ga inda ta fi fitowa fili ba kamar a kan tsohuwar motar alfarma mai hawa bisa iska, wadda ake kwana da ita tsaye daram, gari ya waye a tarar ta durƙusa har taya ta shige cikin jiki.

Asalin hikimar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Cadillac na Amurka ya sa ta a motarsa Eldorado Brougham a 1957, Mercedes-Benz na Jamus ya bi sahu da 300 SE a 1961, sannan da babbar 600 a 1963, wadda sarakuna da shugabannin ƙasashe suka riƙa hawa. Amma daga cikin waɗanda ke isowa garejojin Kano da Kaduna, bayan sun gama ƙuruciyarsu a Turai, akwai Marsandin da aka fara fitarwa a 1998, mai lamba W220, wadda aka sa wa tsarin Airmatic. Maimakon sifirin na ƙarfe, kowace ƙafa tana da jakar roba cike da iska. Kwamfuresa tana hura iskar, tanki yana ajiye ta, wani gidan bawul yana rarraba ta ta siraran tiyo, na'urorin auna tsayi kuma suna kai wa kwamfutar motar labarin ko ta yi ƙasa ko ta yi sama. Duk wanda ya taɓa zama cikinta tana da lafiya ya san cewa maƙeranta sun kai matuƙa wajen neman sauƙi ga ɗan Adam, sai dai roba halitta ce mai ajali, kuma zafi da ƙura da ramukan hanya suna gaggauta mata shi.

To, ga inda mas'alar take. Idan jakar ta tsufa, takan tsattsage a wurin da take naɗewa, ko kuwa abin da aka toshe saman ƙafar gaba da shi ya dare, iska ta riƙa sulalewa kaɗan-kaɗan ba tare da kunne ya ji ba. Kwamfuta kuwa, da yake ba ta san kome ba sai cewa mota ta yi ƙasa, sai ta umarci kwamfuresa ta hura; ita kuma, wadda aka ƙera domin ta yi aiki na ɗan lokaci ta huta, sai ta wayi gari tana hurawa ba dare ba rana, ta yi zafi, zoben fistin ɗinta ya cinye, ta fara ƙara, daga bisani ta ƙone. Ranar da aka kai motar gareji, abin da ya mutu a zahiri kwamfuresa ce, ita ce mai ƙara, ita ce kuma na'urar bincike za ta ambata, saboda haka ita za a cire a sa wata, mai mota ya biya, ya tafi yana godiya, ba a jima ba sabuwar ta bi tsohuwar. An hukunta wadda aka zalunta, an bar mai laifi yana nan lafiya ƙalau.

Malaman usulu sun bambance tsakanin alama da illa, suka kuma shimfiɗa hanyar gano illa wadda suke kira sabru da taƙsimi, watau mai bincike ya tattaro dukkan abubuwan da za su iya zama dalilin hukunci, ya jarraba su ɗaya bayan ɗaya, ya zubar da wanda bai tsaya ba, har ya rage saura guda. Ni dai ban san wata hanya ta gyaran wannan mota da ta wuce wannan ba. Bakanike mai tsoron Allah zai ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ya auna tsayin kusurwoyinta huɗu ya rubuta, ya cire fiyus domin kada kwamfuta ta tashi ta daidaita motar ta ɓoye shaida, ya bar ta ta kwana. Da safe, in kusurwa ɗaya ce ta sauka, tuhuma ta taƙaita ga jakarta da tiyonta da bawul ɗinta. Sai ya dama sabulu da ruwa ya shafa a mahaɗai da jikin robar, inda kumfa ta taso nan iska ke fita. In kumfa ba ta nuna kome ba, sai ya musanya tiyon hagu da na dama a gidan bawul ya sake kwanar da ita: in durƙuson ya ƙaura, bawul ne, in ya zauna inda yake, jaka ce ko tiyo. In kuwa babu abin da ya sauka amma motar tana karkace, sai ya duba ɗan hannun na'urar auna tsayi, domin sau da yawa shi ne ya karye, yana kai wa kwamfuta shaidar zur. Ba a isa ga kwamfuresa ba sai bayan duk wannan, kuma in an sauya ta, a sauya har da rilen da ke kunna ta, domin yakan manne ya hana ta tsayawa.

Wani zai ce, ai yaƙini ba kullum ake samunsa ba, akwai yoyon da ba ya bayyana sai mota tana tafiya, ko sai da sanyin asuba, kuma in aka hana mai gyara aiki da zato an hana shi sana'a. Wannan magana gaskiya ce, kuma shari'a kanta ta gina hukunce-hukunce masu yawa bisa rinjayen zato, tun daga neman alƙibla har shaidar shaidu. Amma zaton da ta karɓa shi ne wanda ya zo bayan an ƙure ijtihadi, ba wanda aka fake da shi don gudun wahalar bincike ba. Kuma sharaɗinsa a faɗe shi da sunansa. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, tambayoyi 48 a zama guda, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba, darajarsa kuwa ba ta ragu ba. Me zai hana bakanike ya ce: "Alhaji, abin da na tabbatar shi ne ƙafar gaba ta dama tana yoyo; kwamfuresa kuwa ina zaton ta gaji, amma a gyara yoyon tukuna mu gani"? Wanda ya faɗi haka ya sayar da aikinsa. Wanda kuwa ya buga ƙirji ya ce ita ce, alhali bai gwada ba, ya sayar da ilimin da ba shi da shi, kuma ina tsoron kada kuɗin ya shiga cin dukiyar mutane da ɓarna. Mai mota ma yana da nasa kason, domin shi ne ke ƙin barin mota ta kwana, yana ganin biyan ladan bincike asara ce tun da ba a ɗaura masa sabon ƙarfe ba.

A nan ne fiƙihu yake ba da mafita mai kyau. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ɗaliban zaure ke karantawa a ƙasar Hausa, ta halatta a yi sharaɗi da likita a kan warkewa, ta kuma bayyana cewa a ji'ala, watau ladan da aka rataya bisa biyan buƙata, mai aiki ba ya samun kome sai aiki ya cika. A ganina sai a raba ƙullin biyu: bincike a yi shi ijara, a yanke ladansa tun farko, a biya ko an sayi kaya ko ba a saya ba, gyara kuwa a yi shi bisa sharaɗin motar ta kwana tsaye. Da haka mai gyara ba zai ga riba cikin gaggawa ba, mai mota kuma ba zai sayi zato da kuɗin yaƙini ba.

Saura wanda aljihunsa ya gaza, ya zaɓi a cire jakunkunan gaba ɗaya a sa sifirin na ƙarfe, kamar yadda ake yi wa Marsandi da Range Rover da yawa. Ban ga laifi a kansa ba, dukiyarsa ce, kuma motar da ke tafiya da ɗan tauri ta fi wadda ke durƙushe a ƙofar gida. Sai dai ranar da zai sayar da ita, wajibi ne ya gaya wa mai saye cewa iskar ta tafi, da shi da dillalinsa, domin toshe fitilar gargaɗi a bar mutum yana zaton ya sayi Airmatic tadlisi ne, watau ɓoye aibin kaya, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da ciniki in ya gano.