Kwanon Inna da Dattijon Doron Baga

A farkon watan Janairun 2015, ana tsakiyar hunturu, 'yan Boko Haram suka afka wa Baga da Doron Baga a bakin Tafkin Chadi. Waɗanda suka sami jirgi suka tsallaka ruwa zuwa ƙasar Chadi, wasu kuma suka yanki daji har suka faɗo Maiduguri da kayan jikinsu kawai. Sansanoni ba su ɗauke su duka ba, mafi yawa a gidajen mutane suka raɓa. Haka wasu iyalai suka sauka a wata unguwar Lokos, irin gidajen nan da aka gina wa masu ƙaramin ƙarfi tun zamanin Shagari. Su kansu masu gidajen da ƙyar suke kai ƙarshen wata, amma aka share zaure, aka kwashe tarkacen sito, aka ce bismillah.

Samarin unguwar suka kafa kwamiti. Suka bi gida-gida suna tara gero da masara da tsofaffin barguna, duk ranar Asabar kuma a yi rabo a filin firamare. A ja layi, a kira suna da ƙarfi, mutum ya karɓi mudunsa, a ɗauke shi hoto da waya. Ba da mugun nufi suke yi ba, hoton nan shi ke sa wani mai hali ya aiko da buhu na gaba.

Sai dai akwai wani dattijo da aka yi ta kiran sunansa bai taɓa amsawa ba. A Doron Baga yana da jiragen kamun kifi da yara masu yi masa aiki, kwalayen bandarsa har Anacha ake kai su. Yanzu shi da matarsa da jikoki suna cikin ɗaki ɗaya, shi kuma kullum yana zaune a ƙofa da carbi, yana kallon hanya.

Sakataren kwamitin ya gaji, ya je yana kai ƙara wajen Inna, wata tsohuwa mai tuyar ƙosai da mijinta ya daɗe da rasuwa.

"Inna, wannan Baban girman kai ke damunsa. Jikokinsa na kwana da yunwa, shi kuwa ya fi ƙarfin layi. Zan soke sunansa in ba wani."

Inna ta juya ƙosanta, ta ce, "Ɗana, da mahaifinka ne, za ka so a kira sunansa a fili, gaban surukansa, a miƙa masa mudu a ɗauke shi hoto? Bar sunan tukuna."

Bayan magariba ta zuba tuwo da miyar kuka a kwanon samira, ta rufe, ta ɗora wa jikarta. Ta ce ta yi sallama, ta durƙusa, ta ce Inna tana gaida baƙi, ga ɗan abin taɓawa. Dattijon ya sa aka karɓa, domin kwanon maƙwabci ba sadaka ba ne, ko gidan sarki ana kai shi. Da yarinyar za ta tafi, sai ya laluba aljihu ya zaro naira ashirin da ta sha jiki, ya ba ta tukwici.

Uwar yarinyar ta ga kuɗin, hankalinta ya tashi. "Haba, Inna! Mutumin da ba shi da na gishiri? A mayar masa yanzu."

"Kul," in ji Inna. "In kika mayar, kin faɗa masa ke nan cewa ya tashi daga sahun masu bayarwa. Gida aka ƙwace masa da jirage, wannan kam ba da hannuna za a ƙwace ba. Ke, je ki ce an gode, Allah ya ƙara arziki."

Washegari Inna ta yafa mayafi ta je da kanta. Ta yi musu jaje, ta zauna da matar gidan suka daɗe, ba ta tambayi abin da suka gani a hanya ba. Da za ta fita ta tsaya daga nesa ta gaida dattijon, sannan ta kawo kukanta. Ta ce tunda hanyar Baga ta rufe kifi ya yi wuta, kuma duk bandar da ta saya sai ta tarar cikinta ya zama gari, ƙwari sun cinye. Ko Malam zai taimaka ya duba mata?

Ya karɓi kifin, ya matsa, ya shinshina. A karo na farko tun zuwansa aka ji ya yi doguwar magana. Ya ce wannan tarwaɗar an ba ta wuta mai zafi da gaggawa, waje ya ƙone ciki bai bushe ba. Banda hayaƙi take so a hankali, ana juyawa, ba harshen wuta ba. Ya ce in da zai sami rabin durom da waya da ɗanyen kifi, da ya nuna mata.

Rabin durom ba wuya a Lokos. Matan layin suka ba da kwasar adashinsu ta makon, aka sayo tarwaɗa daga masu kiwonta a tanki. Shi ya huda durom ɗin ya jera waya, matarsa ta fafe kifin ta lanƙwasa, jikoki suna tura itace. Kafin dare ƙamshi ya cika layin, mata na leƙowa suna tambayar nawa-nawa. Aka sayar, aka mayar wa matan da kuɗinsu, aka raba riba. Da sakataren ya zo saye, dattijon ya ƙara masa ɗaya gyara. Yaron ya tsaya riƙe da kifin, kunya ta kama shi.

A zaman kwamiti na gaba aka yi gardama sosai, domin wasu na tsoron in babu hoto gudummawa za ta tsaya. Aka tsaya a kan cewa buhuna za a riƙa ɗauka hoto, ban da fuskar kowa. Aka daina layi, sai dai bayan isha'i a kai wa kowane gida nasa. A littafin sunaye kuma aka ƙara wata tambaya: wace sana'a kake yi a gida? Nan aka gano akwai tela a cikin baƙin, da ungozoma, da malamin allo da ya yi makonni yana zaune babu mai kawo masa yaro.

A ƙarshen Disambar 2018 aka sake kai wa Baga hari, dubban mutane suka kuma kwararowa Maiduguri. A lokacin dattijon ya kama hayar gida a ƙarshen layin, duromansa sun zama uku. Ya sauke iyali biyu a zaurensa, kuma shi kwamitin ya naɗa mai kula da rabon abinci.