Wa Ya Ja Layi A Kan Teku?

A shekara ta 2007 aka gano man fetur a tekun Gana, wajen kilomita 60 daga gaɓa, aka fara haƙarsa a 2010. Sai aka hana masunta kusantar babban jirgin man, mita 500 ta kowane gefe. Akwai dalili, gama gobara tana iya tashi. Amma fitilun jirgin suna jawo kifi da dare, masuntan Axim kuwa suna kuka cewa kifinsu ya koma inda aka hana su shiga.

Waɗansu za su ce kuɗin mai na ƙasa duka ne, har da masunci. Haka ne. To, hasarar fa, an raba ta ga kowa? Shi kaɗai ya ɗauka.

Mai karatu, dubi yadda akan zauna shawara irin wannan. Kamfani yana da lauyoyi da taswira, gwamnati tana da sojojin ruwa. Sarkin masunta, wanda Fanti suke kira apofohene, ya san watan da kifi yake zuwa da inda yake taruwa, amma saninsa ba a rubuce yake ba. In sai bayan an ja layi aka kira shi, a ganina sanar da shi kawai aka yi, ko da an ba shi kujerar gaba.