Kyamarar da ke Makancewa da Magariba

Ya ku masu sana'ar haɗa kyamarar tsaro, ku ji tsoron Allah. Wani mugun ha'inci ya fara zama jiki a cikin birnin Kano, daga Ƙofar Wambai har Mandawari: a karɓi kuɗin mutum, a liƙa masa kyamara mai sheƙi a kan zaure, sannan a ja mata wayar da ba za ta iya kai mata isasshiyar wuta ba.

Kawuna yana da shagon kayan fata a Kasuwar Kurmi. Kowa ya san lungunan kasuwar nan da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ƙarni na 15. Waya ba ta miƙewa a can, sai ta bi katanga, ta zaga kwana, ta haura rufi. Kyamarar da ke kallon ƙofar baya sai da aka ja mata waya wajen mita 50. Da rana hoto tar-tar, har ƙudan da ke kan buzu kana gani. Wani dare aka fasa shagon, washegari muka zauna muka mayar da hoton baya: daga kiran magariba sai ya fara rawa, ya ɗauke, ya dawo, ya ɗauke ɗungurungum. Bai farfaɗo ba sai da gari ya waye, ƙofa a wangale.

Ba aljanu ba ne, ba kuma ɓarawon ne ya yi asiri ba, ko da yake kawu ya fi karkata can. Wuta ce ke zubewa a hanya. Kowace waya tana cin wani kaso na wutar da ke ratsa ta, kuma gwargwadon tsawonta da sirantakarta, gwargwadon cinta. Kyamara mai aiki da bolt 12, idan ta ja rabin amfiya ta siraran wayoyi biyu na kebul ɗin intanet tsawon mita 50, kusan bolt 4 ke salwanta kafin a isa. Da rana tana lallaɓawa a haka. Duhu na yi, jajayen fitilunta na ganin dare su kunna, bukatarta ta ƙaru, wutar da ke isowa ta ƙara faɗuwa, ta mutu. Wato a daidai lokacin da aka saye ta dominsa.

Wannan lissafin na waya mai kyau ne, tagulla zalla. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wayar da ta cika kasuwa, alminiyam ne a ciki, aka yi masa shafen tagulla sama-sama. Alminiyam bai fi kashi 61 cikin ɗari na tagulla iya ɗaukar wuta ba, ga saurin karyewa a bakin filogi, ga ɗumi idan aka matsa masa. A watan Afrilu, zafin Kano ya haura digiri 40, wayar na kwance a kan kwano, cin wutarta sai ya ƙaru. Waya mai ɗumi a tsakanin rumfuna masu cike da fata da yadi ba abin wasa ba ce ga mutanen da suka ga gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016.

Kuma duk mai sana'ar ya san gyara. Akwai tsarin PoE na ƙa'ida, mai tura wajen bolt 48 ta kebul ɗin, don haka asarar hanya ba ta kayar da kyamara. Iyakarsa mita 100, daga nan sai an sa na'urar ƙarawa ko wani swic a tsakani. In kuwa bolt 12 ɗin za a yi, a kai adaftar kusa da kyamarar, ko a ja mata waya mai kauri ta daban. Wanda ya san haka ya yi shiru don ribar kwalin waya ɗaya, amanar dukiyar mutane ya ci.

Ku ma alhazai masu shago, da laifinku. Kuna ta "a rage, a rage" har sai an rage tagullar. Araha dai ba ta ado. Kafin a ja waya, ku ce a yanko muku guntu, ku kankare shi da reza. In fari ya leƙo a ƙarƙashin ja, a mayar da kwalin. Kada kuma ku cika kuɗin aiki da azahar. Ku ce wa mai aikin ya dawo bayan isha'i da mitarsa, ya hau tsani ya auna wutar a gindin kyamarar, fitilun dare a kunne, kuna tsaye kuna kallo.