Mari Ba Magani Ba Ne

Ya ku 'yan'uwa Musulmi na Tudun Wada, mu ji tsoron Allah a kan marasa lafiyar da muke kullewa a ƙuryar ɗaki don gudun bakin mutane.

Shari'a ta ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyin sallah da azumi, ba a kuma rubuta masa zunubi. To wanda Ubangijinsa ya yi wa rangwame, kai wane ne da za ka garƙama masa mari, ka bi shi da dorina wai aljani kake duka? A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fasa wani gida a Rigasa, suka fito da mutum wajen 300, wasu da sarƙa a ƙafa, gadon baya duk tabon bulala. Ba a jima ba aka bankaɗo irinsa a nan Zariya. Abin takaicin, da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu.

Ku dubi mai jego. Ana ta hidimar suna, ita kuwa ta ƙi cin abinci, barci ya ƙaurace mata, ta zuba wa bango ido, jariri na tsala kuka ba ta ko waiwaye. Uwar miji ta ce sangarta ce, maƙwabciya ta ce jifa ne, a turnuƙe ta da hayaƙi. Alhali ciwo ne da likitoci suka sani, kuma ana warkewa. Haka magidancin da karayar arziki ta sa ya daina fita, sai mu ce imaninsa ne ya yi rauni. Subhanallahi! Annabi Yakubu, Alaihis Salam, baƙin cikin rabuwa da Yusufa ya taɓa masa gani. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Wa ya fi waɗannan bayin Allah imani?

Ba na hana ruƙiyya. A yi tofi, a yi addu'a, amma a ɗauki mutum a kai shi asibiti, don neman magani ba ya kore tawakkali. Magabatanmu sun riga mu: asibitin Mansuri da aka gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. Mu kuwa ga asibitin koyarwa na ABU a Shika, akwai likitocin ƙwaƙwalwa, ga kuma na tarayya a Barnawa, Kaduna.

In an ba da magani, kada a yanke shi don an ga sauƙi. Nan ne ciwon kan dawo, a ce asibiti ya gaza. A hana yara jifan mara lafiya da yi masa ature a layi. Wanda kuma kuka ji yana faɗin ya gaji da rayuwa, kada ku ce masa "yi haƙuri" ku tashi. Ku zauna da shi, ku kawar da wuƙa, igiya da fiya-fiya daga ɗakin, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita a ranar.